Sensar birki a keken lantarki: aikinta, ire-irenta da yadda ake ɗaura ta

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya zama abin da kowane mai fita nema yake lissafawa kafin ya bar gida. A Legas kuma, dokar da ta hana okada a ƙananan hukumomi shida daga ranar 1 ga Yunin 2022, wato Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland, ta taɓa 'yan uwanmu da yawa. Ba abin mamaki ba ne da wasu suka fara waiwayar keke, musamman irin wanda ake saya masa inji da batir a mayar da shi mai lantarki.

Idan ka buɗe kwalin kayan haɗin, za ka tarar da inji, kwantirola, allo, totur, sensar feda da tarin wayoyi. A cikinsu akwai wasu hannayen birki guda biyu masu jelar waya, ko kuma wasu 'yan ƙananan abubuwa biyu kamar ƙwayar gyaɗa tare da maganaɗisu. Su ne aka fi bari a cikin kwali, saboda keken yana tashi ya yi gudu ko babu su. To, a kansu za mu yi magana.

Mece ce sensar birki?

Makunni ne ƙarami da ke zaune a hannun birki. Da zarar ka taɓa birki, sai ya aika wa kwantirola saƙo, ita kuma ta yanke wa inji wuta nan take. Ka saki birki, wuta ta dawo. Ba ita ke tsayar da keke ba, birkinka na asali ne ke wannan aikin. Nata kawai ta sa injin ya yi shiru, don kada birki yana ja baya inji yana tura gaba.

Kwantirola ita ce akwatin da ke tsakanin batir da inji, kuma duk wani umarni ta wurinta yake bi. Tana jin totur, tana jin feda, amma ba ta da wata hanya ta sanin cewa ka kama birki sai an haɗa mata wannan sensa.

Me ya sa bai kamata a tsallake ta ba?

Dalili na farko shi ne sensar feda. Yawancin kayan haɗi masu sauƙin kuɗi suna zuwa da wani faifai mai ƙwayoyin maganaɗisu, 5 ko 8 ko 12, da ake sawa a gindin feda. Wannan faifan juyawa kawai yake ƙirgawa, bai san ƙarfin da ka sa ba. Saboda haka idan ka daina taka feda, kwantirola takan ɗan jira kafin ta tabbatar ka daina, kuma a cikin wannan ɗan jiran injin yana nan yana tura ka. Keken da ke gudun kilomita 25 a awa yana cin kusan mita 7 a daƙiƙa ɗaya, wato kamar tsawon danfo ɗaya da rabi. Duk wanda ya san yadda danfo ke cin birki a tsakiyar titi don ɗaukar fasinja a Oshodi ko Mile 12, ya san ba a da wannan filin.

A Turai sun sa wa abin ƙa'ida. Ma'aunin da suke kira EN 15194, wanda ya shafi keke mai injin wat 250 da ke taimakawa har gudun kilomita 25 a awa, ya ce idan mahayi ya daina taka feda dole injin ya yanke cikin mita 2. Sai in keken yana da makunni a hannun birki ne aka yarda ya kai mita 5. Kun ga ke nan su ma sun ɗauki makunnin a matsayin abin da ke rufe wannan giɓin.

Dalili na biyu shi ne totur. A cikinsa akwai 'yar sensa da ke ba da wuta daga wajen bolt 1 zuwa wajen bolt 4, gwargwadon yadda ka murɗa. Idan ruwa ya shiga soket, ko baƙar wayarsa ta tsinke, ko ya maƙale da robar hannu, yana iya ci gaba da gaya wa kwantirola a tafi alhali ka sake shi. Mu da muke zaune inda ake shafe watanni ana ruwa, tituna suna cika har idon sawu, wannan ba labarin nesa ba ne. A irin wannan hali, sensar birki ce ke ƙwace keken daga hannun totur.

Na uku, akwai kuskuren hannu. Mutum yana tura keke a cikin kasuwa ko yana tsaye a go-sulo, sai hannunsa ya murɗa totur bai sani ba, ko yaro ya zo ya taɓa. In yatsa ɗaya na kan birki, keken ba zai zabura ba.

Na huɗu, wasu kwantirololi suna da tsarin riƙe gudu ba tare da ka riƙe totur ba, kuma taɓa birki ne hanya mafi sauri ta soke shi. Haka nan a wasu injinan ƙafa marasa giya a ciki, wannan saƙon ne ke sa injin ya taya birki riƙewa yana mayar da 'yar wuta cikin batir. Fitilar birki ta baya ma, inda akwai ta, daga nan take samun umarni.

Sai kuma maganar aljihu. Mutum mai matsakaicin ƙarfi da ke taka keke yana fitar da wajen wat 100 zuwa 150. Injin wat 750 kuwa kusan ƙarfin doki ɗaya ne. Duk lokacin da birki ya yi kokawa da wannan ƙarfin, robar birki na cinyewa, injin na zafi, batir na zuba a banza.

Wani zai ce ai kekunan Bosch da Shimano na kamfani akasari ba su da wannan sensa. Gaskiya ne. Su suna auna ƙarfin da ƙafarka ke dannawa ne, kana sassautawa injin yana sassautawa, kuma ba su da totur. Injin Tongsheng TSDZ2 ma a kan wannan tsarin yake. Amma duk keken da ke da totur, ko faifan maganaɗisu a feda, yana bukatar sensa a birki.

Ire-irenta guda huɗu

1. Hannun birki mai makunni a ciki. Shi ne aka fi sakowa a kwali. Kana cire naka ka sa shi. Yana aiki ne kawai da birki mai waya, ko mai kama rim ne ko mai faifai.

2. Sensa mai maganaɗisu. Ana manna sensar a jikin gidan birki, wato ɓangaren da ba ya motsi, maganaɗisun kuma a kan hannun da kake ja. Suna kusa da juna, injin na aiki. Ka ja hannu suka rabu, wuta ta yanke. Ita ce maganin birki mai mai, da kuma irin hannun da aka haɗe shi da abin canza giya wuri guda, wanda ya cika a kekunan tokumbo.

3. Sensar kan waya. Wani ɗan bututu ne da wayar birki ke ratsawa ta cikinsa, yana jin motsin wayar. Ana yanke rigar wayar ne a saka shi a tsakani. Ba ya bukatar gam kuma ba ka canza hannu, amma shi ma sai birki mai waya.

4. Birki mai mai da aka ƙera da makunni tun daga kamfani, kamar Tektro HD-E350 ko Magura MT5e. Ya fi tsafta da ƙarko, ya fi kuma tsada, don birkin gaba ɗaya kake canzawa.

Duba soket kafin ka biya kuɗi

Nan ne aka fi yin asara. Ba kowace sensa ke shiga kowace kwantirola ba. Injinan tsakiya na Bafang, irin su BBS02 da BBSHD, suna amfani da zagayayyen soket ruwan ɗorawa mai haƙori 3. Yawancin kayan injin ƙafa, musamman masu kwantirolar KT, jan soket ne mai haƙori 2. Tsofaffi kuma suna da baƙin soket na roba mai kusurwa huɗu, wanda ruwa ke shiga cikin sauƙi. Ka ɗauki hoton naka, ka ƙirga haƙoran, ka duba mace ce ko namiji, kafin ka je kasuwa ko ka yi oda.

Mai waya biyu makunni ne zalla. A zaune yana buɗe, ka ja birki ya haɗe wayoyin biyu. Ba ruwansa da wacce waya ta shiga ina. Mai waya uku kuwa akasari yana cin wuta: ɗaya ta bolt 5, ɗaya ta ƙasa, ɗaya ta saƙo. An saba ja ce ta wuta, baƙa ta ƙasa, amma kamfanoni ba su haɗu a kan launi ɗaya ba, don haka a auna da mita kafin a yanke a haɗa. Idan wayar bolt 5 ta taɓa ta ƙasa, ana iya ƙona ɓangaren da ke ba totur da sensocin inji wuta, keken ya mutu gaba ɗaya.

Wasu kwantirololi, musamman manya irin na babur mai lantarki, suna da wayar birki iri biyu, an rubuta wa ɗaya "low brake", ɗaya "high brake". Ta farko ita ce tamu, wadda ke aiki idan an haɗa ta da ƙasa. Ta biyun wuta mai ƙarfi take jira, akasari bolt 12. Kada a kai ƙaramar sensa can.

Kayan aiki

Alanki mai lamba 4 da 5, sukudireba, filaya, gam mai haɗi biyu irin Araldite, sifirit na goge wuri, kebul tai, salatif na lantarki, da mita in akwai. Kafin ka taɓa kowace waya, cire batir, sannan ka danna makunnin allo na 'yan daƙiƙu don sauran wutar da ke cikin kwantirola ta zube.

Yadda ake sa hannun birki mai makunni

- Zare robar hannu. In ta ƙi, ɗan ɗiga ruwan sabulu a ƙarƙashinta.
- Sassauta wayar daga can wajen birkin, ka daidaita tsagar da ke jikin hannun, ka zare kan wayar.
- Kwance ƙusar da ta riƙe tsohon hannu ka zare shi. Kaurin sitiyarin keke a wannan wajen milimita 22.2 ne, kusan duk hannaye a kansa aka yi su.
- Saka sabon, ka jera shi da totur da abin giya ta yadda babu wanda ke tokare wani. Ka tabbata hannun yana ja har ƙarshe, totur kuma yana komawa da kansa.
- Mayar da wayar, ka ɗaure birkin yadda zai kama sosai kafin hannun ya taɓa roba.
- Haɗa soket. Masu zagaye suna da kibiya a kowane ɓangare, ka sa kibiya ta kalli kibiya ka tura a miƙe. Kada ka murɗa, haƙoran sirara ne.

Abu ɗaya da za a lura: hannayen birki ba tsawon ja ɗaya suke da shi ba. Birki mai dogayen ƙafafu biyu, wanda ake kira V, yana son hannu mai jan waya da yawa, tsohon birki mai kama da almakashi kuma yana son mai jan kaɗan. In bayan canji ka ji birkin ya yi tauri amma ba ya kamawa, ko ya yi laushi har hannu na kaiwa roba, to ba su dace ba. Mayar da naka na asali ka koma ga mai maganaɗisu. Kada a sadaukar da birki mai kyau saboda makunni.

Yadda ake sa mai maganaɗisu

Sirrin aikin nan shi ne kada ka fara da gam. Fara da gwaji.

- Ɗaga ƙafar da injin ke juyawa daga ƙasa. Jingina keken a kan abu, ko wani ya riƙe maka.
- Haɗa sensar a soket, mayar da batir, kunna allo.
- Riƙe sensar da salatif a gidan birki, daf da inda hannun ke shiga. Riƙe maganaɗisun a kan hannun, su fuskanci juna, tazarar milimita 2 ko 3.
- Murɗa totur kaɗan. In ƙafar ta juya, sensar ta ga maganaɗisun. In ba ta juya ba, matso da shi, ko ka juya ɗaya fuskar, don wasu sensoci fuska ɗaya kawai suke ji.
- Yanzu ja hannun a hankali. Abin da ake nema shi ne injin ya yanke tun a ɗan wasan farko na hannun, kafin birki ya fara kamawa. In sai ka matse sosai yake yankewa, ƙara tazarar kaɗan, ko ka matsar da maganaɗisun nesa da ƙusar da hannun ke juyawa a kai, inda motsi ya fi yawa.
- In ka samu wurin, yi alama da biro, cire batir, goge wurin da sifirit, sannan ka sa gam. Bar shi ya bushe iya lokacin da aka rubuta a jikin kwalinsa.

Salatif mai fuska biyu da ke zuwa da sensar ba ya jure zafin rana da ruwan damina, yakan yi laushi abin ya zame. Supa gulu kuma yana tsagewa da jijjiga. Gam mai haɗi biyu ya fi, sannan a ƙara wa sensar kebul tai. Yawancin hannaye na alminiyam ne, maganaɗisu ba ya kama su, amma ko a na ƙarfe da yake kamawa da kansa, a sa gam, don ramin titi ɗaya ya isa ya gusar da shi.

A sa a hannu biyu, ba ɗaya ba. Kekunan tokumbo daga ƙasashe daban-daban suke zuwa: na Ingila da Japan birkin gaba yana dama, na Amurka da yawancin Turai yana hagu. A lokacin firgita ba ka zaɓen hannu, wanda ya zo shi kake damƙa. Sensocin biyu layi ɗaya suke hawa, kowacce ta motsa injin zai tsaya.

Wajen bin waya, juya sitiyari har ƙarshe dama da hagu ka ga ba ta ɗaurewa. Bar mata ɗan sassauci, ka sa bakin soket ya kalli ƙasa don ruwa ya gangare, kuma kada kebul tai ya shaƙe ta.

In abu ya ƙi

Allo ya kunnu amma injin ya ƙi tashi: kafin ka zargi batir ko kwantirola, cire soket ɗin birki duka biyu. In injin ya tashi, laifin na ɗayansu ne. Mayar da su ɗaya bayan ɗaya ka gano wacce. Akasari maganaɗisu ne ya faɗi ko ya goce, ko hannun ba ya komawa har ƙarshe saboda wayar birki ta yi tsatsa. Wasu alluna suna nuna alamar birki, in tana kunne alhali ba ka taɓa ba, ka samu amsa.

Injin yana yankewa a kan gargada: tazarar tana bakin iyaka, jijjiga na raba su. Rage ta kaɗan. Haka ma in ka taɓa 'yar ƙusar da ke matso da hannu kusa da yatsu, sai ka sake gwaji, don tazarar ta canza.

Injin yana yankewa bayan ruwan sama: ruwa ne ya shiga soket ya haɗe haƙoran. Cire, busar, mayar.

Ka ja birki injin bai yanke ba: wannan ce mai haɗari, don ba ta da wata alama. A yawancin kekuna, idan wayar sensa ta tsinke ko soket ya zare, kwantirola gani take ba a taɓa birki ba, keken kuma zai yi ta tafiya lafiya lau. Faɗuwar maganaɗisu tana tsayar da kai ka gyara, tsinkewar waya kuwa ba za ka sani ba sai ranar da ka bukace ta. Maganin shi ne gwajin daƙiƙa goma kafin fita: kama birkin dama ka ɗan murɗa totur, sannan na hagu. In ka ji keken yana yunƙuri, a gyara kafin a hau. Wanda ba shi da totur ya ɗaga ƙafar ya juya feda da hannu, ya gwada haka.

Abin da sensa ba za ta yi maka ba

Ba ta ƙara wa birki ƙarfi. Inji da batir suna ƙara wa keke nauyin kilo 6 zuwa 10, ga kaya in ɗan kasuwa ne, ga gudu. Kuma in gudu ya ninka biyu, tazarar tsayawa tana ninka huɗu ne: wanda ya tashi daga kilomita 15 zuwa 30 a awa yana bukatar fili ninki huɗu. A gangara irin ta Mokola a Ibadan, ko tuddan Abeokuta da Inugu, injin ma ba ya aiki, nauyi ne ke jan ka, birki kaɗai ne abin dogaro.

Saboda haka a duba robar birki kafin a sa inji, a canza wayar da ta fara warwarewa, a miƙe rim in ya karkace. Tsofaffin kekuna irin Raleigh da Phoenix masu birkin sandar ƙarfe suna da ƙwari wajen ɗaukar kaya, amma hannun da ke cikin kwali ba ya shiga jikinsu, kuma roba a kan rim na ƙarfe ba ta kamawa sosai in ya jiƙe. Ana iya manna musu mai maganaɗisu, sai dai bai dace a ɗora wa irin wannan birkin babban inji ba.

Mai injin tsakiya kuma yana da wata ƙarin riba. Da yake ƙarfin injin ta kan sarƙa yake bi, canza giya yana cikin ja yana cin haƙora, har ya tsinka sarƙar. Ɗan taɓa hannun birki, iya yadda injin zai yi shiru ba tare da birki ya kama ba, sai ka canza giyar ka saki.

In mai gyara ne zai haɗa maka keken, ko a Agege kake ko Sabo ko Fatakwal, ka ce masa tun farko har da sensar birki a cikin aikin. Kafin ka biya, a ɗaga ƙafar a gabanka, a murɗa totur, a ja hannun dama, a ja na hagu, ka gani da idonka injin ya tsaya sau biyu. Allah ya kiyaye hanya.